Zaman Ƙauye a Ƙasar Kurmi: Jawabi ga Ƴan Karatun Manya na Dogarawa

  Muna gaida malamai da ɗaliban karatun manya, maza da mata, duk inda kuka taru, a zaure ko a gindin itace. Yau gaisuwarmu ta musamman tana zuwa ga mutanen Dogarawa da Galmi, da na Malbaza, da Ƙonni, da Illela, cikin jahar Tawa.

Kaka ta yi. An yanke hatsi, an ɗaure dammuna, an kai rumbu. Lokacin ke nan da samari ke fara shawarar cin rani. Wane zai tafi Abijan, wane zai tafi Kumasi. A wajenmu, in mutum ya nufi kudu sai a ce ya tafi kurmi. Kowa ya san sunan, amma ba kowa ya san yadda zaman wurin yake ba. Waɗansu a birni suke tsayawa. Waɗansu kuwa sukan wuce can cikin ƙauyuka, inda ake noman koko da goro. A kan zaman waɗannan ƙauyuka za mu yi magana yau. Mai niyyar tafiya ya ji abin da zai tarar. Tsohon da zai zauna gida, da matar da za a bari da yara, su ma su kasa kunne, don shawarar ta shafe su.

Mene ne kurmi?

Kurmi daji ne mai duhu, mai manyan itatuwa, wanda ruwan sama ya yi wa yawa. Akwai shi a kudancin Gana, da kudancin Kodebuwa, da kudancin Najeriya, da Kamaru, har zuwa Kwango.

Ku dubi bambancin ruwa. Ma'aikatan gona suna da ma'auni, suna auna ruwan sama da milimita. A ƙasar Ƙonni da Dogarawa, ruwan shekara yakan kai milimita 400 zuwa 500, kuma cikin wata uku ko huɗu yake sauka. A Kumasi yakan kai wajen milimita 1,400. A Aksim, bakin teku a yammacin Gana, yakan wuce 2,000. Wato ruwan shekara ɗaya a can ya kai namu na shekara uku ko huɗu.

Damana biyu gare su a shekara. Ta fari tana kamawa wajen watan Maris, ta kai Yuli. Sai a ɗan sarara. Ta biyu ta kama daga Satumba zuwa Nuwamba. Itace ba ya rasa ruwa, saboda haka yake tsawo ƙwarai. Akwai rimi da waɗansu itatuwa da ke wuce mita 40. Rassansu sun haɗe a sama. Mai tafiya a ƙarƙashi yakan yi nisa bai ga rana sosai ba. A nan gida kana tsaye bayan gari ka hango raƙumi tun daga nesa. A can kuwa mutum yana kusa da kai, muryarsa kawai kake ji.

Yadda ƙauyen yake

Ƙauyen kurmi ƙarami ne, itatuwa sun kewaye shi. Ɗakunan na ƙasa ne ko na bulo, da rufin kwano. Ba a yin soro mai shimfiɗaɗɗen rufi irin namu, don ruwa zai rushe shi. Gonaki suna nesa da gari. Shi ya sa ma'aikata da yawa ke kwana a ƴan bukkoki cikin gona, sai ranar kasuwa ko ranar Juma'a su shigo gari.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne rashin jaki. Babu jaki, babu doki, babu raƙumi, shanu ma kaɗan ne. Dalili kuwa shi ne ƙudan tsando. Cizonsa yana sa wa dabba ciwon sammore, ta rame ta mutu. Awaki da tumakin da ke jure wurin gajeru ne. Don haka kaya a kai ake ɗauka, daga gona zuwa bakin hanya. Yanzu babur da mai ƙafa uku sun rage wahalar, amma in damana ta ɓata hanya sai a koma ɗaukar kai.

Kayan aiki ma dabam ne. A nan hauya ce abokiyar manomi. A can adda ce. Da ita ake sassabe, da ita ake yanke ciyawa, da ita ake fasa koko. Ciyawa ba ta hutawa. Ka share wuri yau, bayan ƴan makonni ka dawo ka tarar ta rufe.

Ga kuma abinci. Mu rumbu muke dubawa mu san ko shekara ta yi kyau. Su rumbunsu yana cikin ƙasa. Rogo, da doya, da gwaza, da ayabar dafuwa, su ne abincinsu. Rogo yakan zauna cikin ƙasa wata da watanni, sai ranar da ake bukata a tono. Ana kirɓa sakwara, a ci da miyar manja ko ta gyaɗa. Fura da nono kuwa sai dai ka tuna da su, don hatsi ba ya son wannan laima, nono kuma yana da wuyar samu. Suna cin kifi busasshe, da dodon koɗi, da naman daji iri iri. Musulmi sai ya tambaya kafin ya sa hannu a miya. In an yi tambayar da ladabi, ba mai jin haushi.

Kowane gari da al'adarsa. A ƙasar Ashanti, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, ƙauyuka da yawa ba a aikin gona ranar Alhamis, don a al'adarsu ranar hutun ƙasa ce. Akwai kurmin da ba a shiga, akwai rafin da ba a kama kifi cikinsa. Baƙo ya tambaya, ya kiyaye. Har ila yau, a al'adarsu gado ta wajen uwa yake bi. Mutum ya mutu, ɗan ƴar'uwarsa ko ƙanensa ya gaje shi. A 1985 gwamnatin Gana ta yi doka wadda ta ba matar mamaci da ƴaƴansa rabo. Duk da haka, dangin uwa suna da ƙarfi a kan gonar gado. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Noman koko

Kada ku ɗauka kokon da muke sha da ƙosai ake nufi. Wannan koko itace ne, a Kodebuwa ana ce masa kakawo. Da ƴaƴansa ake yin cakulan. Wani maƙeri mai suna Tete Kwashi ya kawo irinsa Gana a 1879, daga tsibirin Farnando Po. Yau Kodebuwa ce ta ɗaya a duniya wajen noman koko, Gana ma tana cikin manyan masu nomansa. Su biyun suna fid da wajen rabin kokon duniya.

Itacen koko yana son inuwa da laima. In an dasa shi, sai ya yi shekara uku zuwa biyar kafin ya fara haihuwa. Ƴaƴan a jikin gindi da manyan rassa suke fitowa, kowane kamar ƙaramar gwanda. In ya nuna sai a yanko, a tara, a fasa. Cikin kowane kwanso akwai ƙwaya wajen 30 zuwa 40, cikin farin tsoka mai zaƙi. Sai a tara ƙwayoyin a kan ganyen ayaba, a rufe da wani ganyen, a bar su kwana biyar ko shida su yi zafi su ruɓa kaɗan. Wannan shi ke ba koko ƙanshi. Daga nan a shanya a kan tabarma bisa rumfa, ana juyawa, mako guda ko fiye, har ya bushe. Sa'an nan a zuba a buhu a kai awo.

Babbar kakar koko tana kamawa wajen Oktoba, ta kai Janairu ko bayan haka. Kun ga ta yi daidai da lokacin da muka gama aikin gona. Shi ya sa tun zamanin Turawa mutanen arewa ke gangarawa aikin koko.

Gwamnati ce ke yanka farashin koko a farkon kaka, a sanar a rediyo. A Kodebuwa an saba sanarwa ranar 1 ga Oktoba. Saboda haka wanda ya iya karatu da lissafi zai san kuɗin kilo, ya san abin da ya kamata a ba shi.

Rabon amfani, da amfanin lissafi

Baƙo ba ya samun gona haka kawai. Akwai masu aikin yini, a biya su da yamma. Akwai kuma wanda mai gona ke ba amanar gona ya kula da ita shekara guda: ya yi shara, ya yi feshi, ya yanke koko, ya shanya. In an sayar sai a raba uku. Mai gona ya ɗauki kashi biyu, ma'aikaci ya ɗauki kashi ɗaya. Wannan shi ake kira abusa. In rabon biyu ne, kowa rabi, sai su ce abunu.

To, ɗalibai, ku ɗauko alli ko fensir mu yi lissafi tare.

A ce gona ta ba da buhu 15. An yi sharaɗin abusa. A raba 15 gida uku. Kowane kashi buhu 5 ke nan. Ma'aikaci yana da buhu 5, mai gona yana da 10.

A Gana, buhun koko kilo 64 ne. Buhu 5 sau 64, kilo 320 ke nan. Wannan shi ne guminka na shekara.

Yanzu a ce mai awo ya taɓa sikeli, yana rage kilo 2 a kowane buhu. Buhu 15 sau 2, kilo 30 ke nan. Kusan rabin buhu ya tafi, kana tsaye kana kallo. Wanda bai san lamba ba, sai ya yi godiya ya tafi. Wanda ya san lamba kuwa zai dubi allurar sikeli, ya dubi takardar da aka rubuta, ya ce a sake awo.

Mu koma kan maganar gado. A ce kun yi sharaɗi da baki kai da mai gona, ba takarda, ba shaidu. Ka yi wata takwas kana aiki. Kafin kaka Allah ya yi wa mai gona rasuwa. Magaji ya zo, ya ce shi bai san da kai ba. Wa za ka kai wa ƙara? Me za ka nuna? Don haka duk sharaɗin da za ka yi, a yi shi gaban sarkin garin ko sarkin zango, da shaidu, a rubuta. A sa sunanka, da sunan mai gona, da iyakar gonar, da yadda za a raba, da wanda zai sayi maganin feshi, da kwanan wata. In da Turanci ko Faransanci aka rubuta, ka sami wanda ka amince da shi ya fassara maka, kai kuma ka rubuta da Hausa cikin littafinka. Kada ka dangwala yatsa a kan takardar da ba ka san abin da ke ciki ba.

Goro da tsohuwar hanya

Ba yau Hausawa suka fara zuwa kurmi ba. Goron da muke rabawa a ɗaurin aure da zanen suna, ɗan kurmi ne. Itacensa ba ya yi a ƙasarmu.

A zamanin da, fatake sukan tashi daga Kano, da Katsina, da Sakkwato, ayari guda, da jakuna da alfadarai. Madugu ke shugabancin ayari, jagaba yana gaba. Su ƙetare Kwara, su bi ta Bargu, har su isa Salaga a ƙasar Gwanja. Tafiyar wata da watanni ce. Suna kai kanwa, da tufafi, da kayan fata, da gabu, wato busasshen ganyen albasa. Su komo da goro. Mutanen ƙauyukan Ashanti ke tsince goron cikin kurmi, su ɗauko a kai zuwa kasuwa. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi, hanyar ta fara sakewa. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, ƴan kasuwa suka bazu. Zangon Kumasi da na waɗansu garuruwa suka cika da Hausawa. Daga baya aka shiga noman wannan goro a ƙasar Yarabawa, Shagamu ta zama babbar kasuwarsa.

Har yau aikin goro yana hannun mutanenmu a wurare da yawa. Ana fasa kwanso, a jiƙa, a cire fatar, a wanke, a zaɓe. A shimfiɗa ganye cikin kwando, a jera goro, a ɗaure huhu. Goro ba ya son zafi, ba ya son iska ta buge shi. Dole a riƙa buɗewa ana cire mai tsutsa. Ƙwaryar goro ɗari ce. Mai wannan sana'a ma, in bai iya rubuta bashi da ƙidaya ba, wani ne zai ci ribarsa.

Lafiyar jiki

Inda ruwa ya yi yawa, sauro ya yi yawa. A nan zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani da damana da kaka. A kurmi kuwa duk shekara ne. Gidan sauro ya zama cikin kayanka na fari. In zazzaɓi ya kama ka, ka tafi likita a gwada jininka. Kada ka tsaya sayen ƙwayoyi a bakin hanya.

Akwai ciwon shawara, wanda shi ma sauro ke kawowa. Yana da allurar rigakafi, kuma sau ɗaya ta isa har iyakar rai. In an yi maka za a ba ka kati mai ruwan ɗorawa. Gana da Kodebuwa suna tambayar wannan kati a kan iyaka. Ka je a yi maka allurar ta gaskiya. Katin da aka saya ba allura yana iya wuce da kai shinge, amma ba zai hana ciwo ba.

Ruwan rafi yana da kyaun gani, amma yana kawo tsargiya da gudawa. Ka sha na famfo, ko ka tafasa. Ka sa takalmin roba mai tsawo saboda maciji. In adda ta yanke ka, ka wanke da sabulu ka rufe, don miki ba ya saurin warkewa cikin laima. In za ka yi feshi, ka rufe hanci da baki, ka wanke jiki bayan ka gama. Kada a zuba ruwan sha ko mai cikin galan ɗin magani.

Iyaye, ga taku. Kada ku ba da yaro ƙarami a tafi da shi aikin koko, ko da wanda ya zo neman sa ɗan'uwa ne. Dokar Gana da ta Kodebuwa sun hana sa yara aikin adda, da feshi, da ɗaukar kaya masu nauyi. Wurin yaro lakwal ne da makarantar allo.

Baƙo da ƙasar mutane

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Tsofaffinmu sun ga haka da idonsu. A watan Nuwamba na 1969, gwamnatin Busiya a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Mutane suka bar gidaje da gonaki da bashin da suke bi, suka hau manyan motoci. Akwai ƴan Nijar da yawa cikinsu. A Janairun 1983 Najeriya ma ta kori baƙi marasa takarda. A 1998 Kodebuwa ta yi dokar ƙasar noma, wadda ta ce ɗan ƙasa ne kaɗai ke iya mallakar gona a karkara. Baƙo yana iya haya ko aiki, amma ƙasar ba tasa ba ce. A 2002 yaƙi ya tashi a can, rikici ya sake tashi a 2010 da 2011, baƙi da yawa suka yi hasara.

Mutanen kurmi suna da karɓar baƙi, an zauna da su lafiya shekara da shekaru, har da auratayya. Amma in siyasa ta juya, wanda ba shi da takarda, kuma ba shi da komi a gida, shi ke fara shan wuya.

Kurmi ma yana ƙarewa

Wanda ya ga duhun kurmi sai ya ce wannan ƙasa ba ta gajiya. Ba haka ba ne. Ƙarfin ƙasar kurmi yana cikin ganyen da ke zubowa yana ruɓewa. In an sare itatuwa, ruwa mai ƙarfi ya wanke ƙasar sama, cikin ƴan shekaru sai ta gaji. Da, sukan bar gona ta huta shekaru da yawa. Yanzu mutane sun yi yawa, wuri ya yi kaɗan.

An ƙiyasta cewa a farkon ƙarni na 20 Kodebuwa tana da kurmi wajen hekta miliyan 16. Ƙidayar da aka yi a 2021 ta sami kusan miliyan 3 kawai. Yawancinsa noman koko da saran katako suka cinye. A Gana kuma masu haƙar zinariya ba da izini ba sun lalata gonaki, sun mai da koguna irin su Pra da Ofin ruwan laka. Ramukan sukan rufta da mutane. Ga kuma ciwon da ke kumbura rassan koko yana kashe itacen. A 2024 koko ya yi ƙaranci har farashinsa a kasuwar duniya ya yi tashin da bai taɓa yi ba.

Kun ga ke nan, abin da ya same mu a fari na 1973 da na 1984, da itatuwa suka ƙare iska ta kwashe ƙasa, su ma irinsa ke samun su, sai dai su ruwa ke kwashe tasu.

Mu dubi gida

To, jama'ar Dogarawa, me muke da shi a nan wanda kurmi ba shi da shi?

Muna da albasa. Albasar Galmi ta yi suna a Afirka ta Yamma duka. Albasa tana son sanyin hunturu da busasshiyar iska, abin da kurmi ba shi da shi. Manyan motoci suna lodi a Galmi da Tsarnawa, su nufi Kumasi, da Akara, da Abijan. A Akara, tun 2021 aka mai da babbar kasuwar albasa Ajen Kotoku, a bayan gari. Matar ƙauyen kurmi da ke miyar manja, sau da yawa albasar fadamar Majiya take yankawa. Kakanninmu sun kai gabu a kan jaki, mu muna kai albasa a mota. Wanda ya iya ajiyar albasa cikin rudu, ya jira ƴan watanni bayan an cire, yakan sayar da daraja fiye da wanda ya sayar a bakin gona.

Muna da dabarar raya ƙasa. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, wajen Buza, don tare iska, amfanin gona kuwa ya ƙaru. A ƙarshen shekarun 1980 manoman Illela suka shiga yin tassa a kan fako. Ga yadda ake yi: a haƙa rami faɗin taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, zurfinsa kusan haka. A tara ƙasar a gefen gangare don ta tare ruwa. A bar kamar taki ɗaya tsakanin rami da rami. A zuba taki cikin hannu biyu. In ruwa ya sauka sai a shuka hatsi ko dawa a ciki. Fakon da aka yar ya koma gona. Akwai kuma sassaben zamani: in kana sharar gona kada ka tumɓuke kututturen gawo, ko kalgo, ko sabara. Ka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ka bar su, ka yanke sauran. Da wannan dabara manoman Nijar suka rayar da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta wajen miliyan 5.

Amma ku lura da abu guda. Dashen albasa, da ban ruwa, da haƙar tassa, da kai taki gona, duk aikin rani ne. Lokacin kuwa shi ne lokacin da majiya ƙarfi ke kurmi. In duk samarin gida suka tafi, wa zai yi? Tsoho ba zai iya fasa fako ba. Mace tana da daka, da ɗiban ruwa, da itace, da yara. In kuma mai tafiya ya makara, ruwan shuka ya sauka ba ya nan, an yi hasarar damana guda. Kuɗin da ya kawo sai su tafi wajen sayen hatsi.

In tafiya ta kama

Ba mu ce kada kowa ya tafi ba. Tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma kuɗin cin rani sun rufa wa gidaje da yawa asiri a shekarun yunwa. Abin da muke cewa shi ne a zauna a yi shawara, uba da ƴaƴa, miji da mata. In ƴan'uwa uku ne, ɗaya ko biyu su tafi, ɗaya ya tsaya kan gona da garka.

Mai tafiya, ka auna hatsin rumbu kafin ka tashi, ka san wata nawa zai kai iyalinka. Ka riƙe katin shaidarka da katin rigakafi. Ka rubuta sunan garin da za ka, da lambar wayar mai masaukinka, ka bar wa na gida. In ka isa, ka gai da sarkin zango ya san da kai. Ka sayi ɗan littafi, ka riƙa rubuta ranakun aikinka, da abin da aka biya ka, da abin da ka aika gida. Ka sa ranar komowa, ka cika ta kafin ruwan shuka.

Ke kuma uwargida, ki dage da zuwa karatu. In an aiko kuɗi ta waya ko ta kamfanin aika kuɗi, ki iya karanta lambar da kanki, ki san jika nawa aka aiko, ki sa hannu da sunanki. Sirrin gidanki ya zauna a gidanki.

Tambayoyi don tattaunawa

Malam, bayan an karanta wannan jawabi a aji, a tattauna waɗannan tambayoyi. In akwai wanda ya taɓa zama a kurmi, a ba shi dama ya faɗi abin da ya gani.

1. Me ya sa ba a kiwon jaki da doki a kurmi?
2. Gona ta ba da buhu 21, an yi sharaɗin abusa. Buhu nawa ne rabon ma'aikaci? Kilo nawa ke nan, in buhu kilo 64 ne?
3. Waɗanne abubuwa ya kamata a rubuta cikin takardar sharaɗi?
4. A garinku, mutum nawa suka tafi cin rani bara? Nawa suka komo kafin shuka?
5. Akwai fako kusa da garinku da za a iya yi wa tassa bana? Su wa za su yi aikin?

Kalmomin da za a rubuta a allo: kurmi, ƙauye, goro, albasa, sharaɗi, sikeli, tassa, rigakafi.

Ku rubuto mana amsoshinku da hannunku, ku ba malaminku ya aiko. Ko layi biyu ne muna so, za mu karanta waɗansu a shiri na gaba.

Jama'a, nan za mu dakata. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya. Allah ya ba mu damana mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.